YUNWA KO SANYI? WASAN YAƘI A KAN ALLO DA TAFIYAR NAPOLIYON MOSKO A 1812

 Waɗanda suka iya karatu su daure su karanta wa waɗanda ba su iya ba, kamar yadda aka saba.

A filin tarihi na wannan fitowa zan kawo labarin wani yaƙi da aka yi nesa da mu, a ƙasar Turai, shekara 200 da ɗoriya ke nan. Duk wanda ya zauna a bencin lakwal ya ji sunan Napoliyon, sarkin Faransa, kuma abin da yawancinmu muka riƙe shi ne sanyin ƙasar Rasha ne ya hallaka rundunarsa a 1812. Ni ma haka na riƙe har na fara koyarwa. Wani wasa ne na kan allo ya sa na koma na sake bin labarin daki-daki, sai na tarar kafin sanyi ya sauko, yunwa da yankewar hanya sun riga sun ci mafi yawan rundunar.

WASAN DA DOKOKINSA

Mu a nan dara muka sani: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya na abokin wasanka. Turawa su ma suna da wasannin allo, cikinsu har da waɗanda aka ƙago musamman don kwaikwayon yaƙi. A ƙasar Purusiya, wadda yau wani ɓangarenta yake cikin Jamus, wani mutum mai suna Reisswitz ya kai wa sarkinsu teburin irin wannan wasa a 1812. Ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya gyara dokokin ya buga su a 1824, ana yi a kan taswira ta gaskiya, da alƙali a tsakani. Shugabannin sojan ƙasar suka karɓe shi, ya zama hanyar horar da hafsoshi.

Wanda ni na yi shi ne na wani marubuci Bafaranshe, Guy Debord, wanda ya rasu a 1994. Ya sa masa suna Wasan Yaƙi, kuma a 1987 shi da matarsa Alice Becker-Ho suka fitar da littafi mai ɗauke da dokokin da kuma wasa guda da suka yi tun daga farko har ƙarshe. Yaƙin zamanin Napoliyon yake kwaikwayo. Allon yana da gurbi 500, wato 25 a kwance, 20 a tsaye. Kowane ɓangare yana da 'ya'ya 17: dakarun ƙasa 9, mahaya 4, igwa 2, da masu isar da saƙo 2. Akwai duwatsu, da mashigi tsakanin duwatsu, da sansani masu ganuwa. Babu jefa ƙuri'a, babu sa'a, sai dabara.

Ga dokar da ta bambanta shi da dara. Kowane ɓangare yana da rumbun makamai 2. Daga kowane rumbu layuka suna fita miƙe ta kusurwa 8, kamar hasken fitila. Ɗan da yake kan layi, ko yake jingine da ɗan uwansa da ke kan layi, yana iya tafiya, yana iya faɗa. Dutse yana tare layi, sojan abokin gaba ma in ya zauna a kansa ya tare shi. Ɗan da layinsa ya yanke ba ya motsi, ba ya kai hari, ba ya kare kansa, sai dai ya zauna jiran a zo a ɗauke shi. Masu isar da saƙo kuwa aikinsu su karɓi layi su sake watsa shi gaba, kamar zango a hanyar fatake. Ana cin wasa ta hanya biyu: ka ƙare sojan abokin wasanka, ko ka kame rumbunansa duka biyu.

Na zana allon a kan kwali da rula, muka yi 'ya'ya da marafan kwalba, ni da wani abokin aikina, a hutun damina. A wasanmu na farko na fi shi 'ya'ya, na tura su gaba gaba ɗaya ina murna. Shi kuwa ya zagayo da mahayi guda ta bayan dutse ya ɗora shi a kan layi ɗaya tak da ya rage mini. Nan take jama'ata duka suka sandare, ya bi su yana tsinta ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Daren nan na ɗauko littafin tarihi na buɗe babin 1812.

DALILIN YAƘIN DA SHIRINSA

Shi kansa yaƙin a kan toshe hanya ya tashi. Napoliyon ya kasa ƙetare teku ya ci Ingila, don haka a 1806 ya kafa doka cewa kada wata ƙasa ta Turai ta yi ciniki da Ingilishi, don ya karya arzikinsu. Sarkin Rasha, Alekzanda na ɗaya, ya yarda da wannan a sulhun Tilsit na 1807. Amma Rasha tana sayar wa Ingila katako da hatsi da sauran kaya, dokar ta cuci attajiranta, saboda haka a ƙarshen 1810 sarkin ya sassauta ta. Napoliyon ya ƙudura sai ya tilasta masa.

Kada a ce Napoliyon ya fafe gora ranar tafiya. Ya fi shekara yana shiri. Ya cika manyan rumbuna a Danzig da Konigsberg da wasu garuruwa na bakin iyaka, ya kafa bataliya 26 ta masu jan amalanke, ya sa aka kora garkunan shanu a bayan runduna don yanka. Lissafinsa guzurin kwana 24 ne: na kwana 4 a bayan kowane soja, na kwana 20 a cikin amalanke. A zatonsa cikin waɗannan kwanaki Rashawa za su tsaya a yi karo guda babba kusa da iyaka, ya ci su, sarkinsu ya nemi sulhu, kamar yadda ya saba yi wa sauran sarakunan Turai.

Ran 24 ga Yuni 1812 ya ƙetare kogin Niyemen da mutum fiye da 400.000 da dawaki fiye da 150.000. Faransawa ba su kai rabi ba. Sauran 'yan Polan ne, da Jamusawa, da Italiyawa, da wasu al'ummu da ya mallaka.

LISSAFIN ƊAN AJI SHIDA

Bari mu yi lissafi kamar yadda muke yi da yara a aji. Rabon sojan Faransa na burodi a yini wajen giram 750 ne. Mutum 400.000 ke nan suna bukatar tan 300 kullum, wato nauyin buhu 3.000 mai kilo 100. Doki kuwa yana cin kusan kilo 10 a yini, tsakanin hatsi da ciyawa. Dawaki 150.000 suna bukatar tan 1.500 kullum, ninki biyar na abincin mutane. Babu jirgin ƙasa a lokacin, babu mota. Dabba ce ke jan abincin dabba.

Tsofaffin da suka yi fatauci da jakuna ko suka bi ayarin gishiri sun san sauran bayanin. Dabbar da ta ɗauki kaya ita ma ci take yi, mai kora ta ma ci yake yi. In tafiya ta yi nisa, sai a wayi gari abin da aka ɗauko ya ƙare a cikin masu ɗaukarsa tun ba a isa ba. Shi ya sa rundunonin wancan zamani suke dogara ga abin da suka tarar a ƙasar da suka shiga. A Italiya da Jamus, inda ƙauyuka suke kusa da juna kuma ƙasa take da albarka, wannan ya yi wa Napoliyon aiki. Yammacin Rasha daji ne da fadama, mutane kaɗan, hanyoyi na turɓaya. Daga Niyemen zuwa Mosko kuwa ya haura kilomita 900, ku ɗauka kamar daga Yamai zuwa Damagaram da ɗan ƙari, a ƙafa.

TAFIYA ZUWA MOSKO

Rashawa ba su tsaya ba. Janar Barclay de Tolly da Janar Bagration suka yi ta ja da baya, suna kwashe abin da za su iya, suna ƙone sauran. Ran 28 ga Yuni Napoliyon ya shiga Vilna, wadda yau ake kira Vilnius, ya tarar an sa wa rumbunanta wuta. A kwanakin nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyoyi suka zama taɓo, manyan amalanke suka kafe a baya. Dawaki suka ci ɗanyen hatsi da bai nuna ba, ga ruwa, ga gajiya, wajen 10.000 suka mutu tun ba a yi wani faɗan kirki ba.

Bayan ruwa sai zafi da ƙura. Sojoji suna shan ruwan kududdufi, atini ya kama su, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya bazu. Dubbai suka watse cikin daji neman abinci, da yawa ba su komo ba. Kowane gari aka ci kuma sai an bar mutane su tsare shi su tsare hanya, don haka kullum rundunar gaba raguwa take yi.

An gwabza a Smolensk daga 16 zuwa 18 ga Agusta, garin ya ƙone, Rashawa suka sake janyewa. A nan wasu manyan hafsoshinsa suka so a tsaya a gyara baya. Ya ƙi, ya ci gaba. Sarkin Rasha ya ba tsoho Kutuzof jagorancin runduna, shi kuwa ya tsaya a Borodino ran 7 ga Satumba. Yini guda aka yi, waɗanda suka mutu ko suka ji rauni a ɓangarorin biyu sun kai wajen 70.000. Rashawa suka bar filin, amma rundunarsu ba ta watse ba.

Ran 14 ga Satumba Napoliyon ya shiga Mosko da mutum wajen 100.000. A lura da kyau: a Satumba muke, ƙanƙara ba ta sauko ba tukuna. Wasu an ware su tsaron gefe da tsaron zango, gaskiya ne, amma mafi yawan waɗanda suka ɓace yunwa ce da ciwo da gudu da faɗa suka ci su. Garin ya tarar kusan ba kowa, kuma a daren nan wuta ta tashi, ta yi kwanaki tana ci, ta cinye fiye da kashi biyu cikin uku na birnin.

KUTUZOF YA ZAUNA KUSA DA LAYI

Abin da Kutuzof ya yi bayan ya bar Mosko shi ne ainihin darasin. Ya yi kamar gabas za shi, sai ya karkata ya zagayo kudu maso yammacin birnin, ya kafa sansani a Tarutino. Daga nan ya tsare hanyar Kaluga, inda rumbunan abincinsa suke, da ta Tula, inda ake ƙera bindigoginsu. Nasa layin ya gajarta, abinci da sababbin sojoji suna iso masa. Kuma ga shi a gefen hanya ɗaya tilo da ta haɗa Napoliyon da Smolensk.

Daga wannan sansani ƙananan ƙungiyoyin mahaya suka riƙa fita, 'yan Kosak da wasu hafsoshi irin su Denis Davidof, suna tare ayarin amalanke, suna kama manzanni. Manoma su ma suka tashi da gatari da cokulan ciyawa, duk ƙungiyar Faransawa da ta fita neman harawa ba ta da tabbacin komowa. A cikin Mosko akwai sauran abinci na mutane, na dawaki ne babu. Napoliyon ya zauna mako 5 yana aika wa sarkin Rasha saƙon sulhu, ba a ba shi amsa ba. Dawakinsa suna ramewa, damunar sanyi tana matsowa.

KOMAWA

Ran 19 ga Oktoba ya fita Mosko. Niyyarsa ya bi ta kudu, ta Kaluga, ƙasar da yaƙi bai taɓa ba, inda zai sami abinci. Kutuzof ya tare shi a Maloyaroslavets ran 24 ga Oktoba. Garin ya yi ta sauya hannu har dare, Faransawa suka riƙe shi a ƙarshe, amma rundunar Rasha tana nan tsaye a bayansa ta toshe hanyar kudu. Napoliyon ya juya ya koma tsohuwar hanyar Smolensk, wadda runduna biyu suka riga suka cinye ƙarƙaf a zuwa. A ganina ranar nan aka ci shi, ko da yake shi ne ya riƙe filin.

Ƙanƙara mai ƙarfi ta fara sauka a makon farko na Nuwamba. Ta iske mutane masu cin naman dawakinsu, da dawaki marasa ƙarfin jan igwa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya: mai ƙoshi da sutura yana jure sanyin da ke kashe mayunwaci a dare guda. Suka isa Smolensk ran 9 ga Nuwamba suna sa rai ga rumbunanta, aka tarar abin da ke ciki bai kai yadda ake zato ba, kuma waɗanda suka fara isowa suka wawashe shi cikin 'yan kwanaki.

A wannan lokaci wasu rundunonin Rasha biyu suna matsowa ta baya, ɗaya daga arewa, ɗaya daga kudu. Ta arewa, ta Janar Wittgenstein, ta kame Vitebsk da rumbunanta ran 7 ga Nuwamba. Ta kudu, ta Chichagof, ta kame Minsk ran 16 ga Nuwamba, inda aka tara rabon abinci wajen miliyan 2. Ga rumbu biyu sun tafi, kamar dai a kan allon Debord. Daga nan Chichagof ya wuce Borisof, a bakin kogin Berezina, aka ƙone gadar da Napoliyon zai bi.

Abin da ya cece shi daga kamu shi ne wani Janar Eblé da mutanensa masu aikin gada. Napoliyon ya riga ya sa an ƙone jiragen gada a Orsha don a sami dawakin jan igwa, amma Eblé ya ajiye 'yan kayan ƙira da ƙusoshi. Suka rushe gidajen ƙauyen Studienka suka sami katako, suka shiga ruwan ƙanƙara har kafaɗa, suka kafa gada biyu. Kaɗan ne cikinsu suka rayu. Daga 26 zuwa 29 ga Nuwamba aka ƙetare ana faɗa, dubban mutane suka mutu ko aka bar su a wancan gaɓa. Har yau in Bafaranshe ya ce abu ya zama Berezina, yana nufin ya lalace ƙwarai.

Ran 5 ga Disamba Napoliyon ya bar runduna ya nufi Paris. A Vilna akwai abinci mai yawa, amma babu sauran tsari ko mai raba shi, ga sanyi ya kai matuƙa, Rashawa kuma suna biye. Tsakiyar Disamba ragowar suka ƙetare Niyemen. A 1869 wani injiniya Bafaranshe, Charles Minard, ya zana wannan tafiya a taswira, da layi mai kauri da ke sirancewa yayin da mutane ke ƙarewa. A lissafinsa 422.000 suka shiga, 100.000 suka isa Mosko, 10.000 suka fito. Masana suna da saɓani a kan adadin, amma ba su da saɓani a kan siffar layin: ya fi ramewa a tafiya, cikin zafi, kafin komawa cikin sanyi.

ABIN DA ALLO BA YA NUNAWA

Wasan ya koya mini abu na gaskiya: ƙarfin runduna a bayanta yake, kuma duk taki ɗaya da ta yi gaba layinta yana ƙara tsawo, yana ƙara sauƙin yankewa. Amma akwai inda allo ya yi shiru. A kan kwali babu ƙauye, babu gona, babu mace mai goyo. Ɗan da layinsa ya yanke zama yake yi shiru a gurbinsa. Sojan gaskiya in guzurinsa ya yanke yana da bindiga a hannu, rumbun manomi mafi kusa yake nufa.

Manoman Rasha na lokacin, yawancinsu kamar bayin gandu suke, mallakar masu ƙasa. Sojan sarkinsu ya ƙone amfaninsu don kada baƙo ya samu, baƙo ya zo ya kwashe abin da ya saura, ya rushe ɗakuna ya yi makamashi. Sojojin Kutuzof ma da suka bi Faransawa ta wannan ƙasa da aka cinye, waɗanda suka isa Vilna ba su kai rabin waɗanda suka tashi daga Tarutino ba. Littattafai sun ƙidaya sojoji, talakawan da yunwa da annoba suka kashe a wannan shekara kuwa ba su sami mai ƙidaya su da kyau ba.

Wannan ba baƙon labari ba ne ga iyayenmu. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya taso daga bakin kogin Kwara ya nufi tafkin Cadi, da sojoji da 'yan dako masu yawa, ba tare da wata hanyar guzuri a bayansa ba. Abincinsa da ruwansa da masu ɗaukar kayansa duka daga garuruwan da ya ratsa ya ƙwace su. Abin da ya faru a Lugu da Birnin Ƙonni da ƙauyukan da ke kan hanya har ƙasar Tasawa, inda su biyun suka mutu a hannun sojojinsu a watan Yuli na shekarar, dattawa sun ji shi daga bakin kakanninsu, sun fi ni saninsa.

Saboda haka in yaro ya zo muku da labarin lakwal cewa sanyi ne ya ci Napoliyon, ku ce masa ya ƙidaya mutanen da suka isa Mosko a Satumba tukuna, sa'an nan ya tambayi ina hatsin da suka ci a hanya ya fito. Wanda kuma yake son ganin allon, yana nan a ajiye da marafansa, in an haɗu a gida lokacin hutu sai mu gwada.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai fitowa ta gaba.